Injiniya da Ɗakin Fitilun Dama

Akwai wani injiniya mai zana hanyoyi, wanda Allah ya yi wa baiwar hannu, ya kuma haɗa masa da sanin cewa an yi masa baiwar. Idan ya ja layi a takarda, sai ya ɗan ja da baya, ya karkatar da kai yana kallonsa, kamar uban da aka miƙo wa ɗansa na fari.

A duk abin da ya taɓa zanawa, babu abin da ya kai masa wata mararraba da ke tsakiyar gari, inda ƙaramar hanya ke gangarowa daga unguwa ta shiga babban titi. Shekara goma sha biyu ke nan da gina ta. A kusurwar hagu, daidai inda mai fitowa daga unguwa yake tsayawa ya duba titi, Injiniya ya sa aka yi wata katanga mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, aka shuka furanni ja da fari a kanta.

Daga sama, abin sai wanda ya gani. Har lambar yabo aka ba shi. Hoton mararrabar, wanda aka ɗauka daga jirgi, shi ne a tsakiyar bangon falonsa. Hoton iyali kuwa an ba shi haƙuri, an mayar da shi kusa da ƙofar kicin.

Ofishin Injiniya yana hawa na bakwai, tagarsa tana kallon mararrabar. Kullum bayan abincin rana yakan jingina da kujera, fanka tana kaɗawa a hankali, ya lumshe ido. Mafarkinsa ɗaya ne, bai taɓa canzawa ba. Sai ya ga ya zama shaho, yana shawagi a saman aikinsa. Motoci a ƙasa suna bin juna kamar duwatsun ado a jikin zare. Furannin kan katanga suna ɗago kai suna cewa, "Barka da shawagi, Injiniya." Shi kuma sai ya ɗan karkata fiffike, alamar ya amsa.

Matsalar guda ce, kuma ba ta taka kara ta karya ba a wajensa: motocin garin ba su da labarin cewa mararrabar ta ci lambar yabo. Da wuya mako ya fita ba a ji ƙauu a wurin ba, sannan a ji gilashi yana zuba a kwalta.

Duk lokacin da aka yi karo, kwamitin binciken haɗurra yakan aiko da fayil hawa na bakwai, a tambayi Injiniya: laifin hanya ne ko laifin direba? Amsarsa ba ta taɓa sauya kaya ba.

"Ni nake bi ta wurin nan safe da yamma," in ji shi. "Daga farin layin da ake tsayawa, ina hango titi tar har gidan mai. Wanda ya ce bai gani ba, bai duba ba ne."

Kuma ba ƙarya yake yi ba. Safe da yamma yana bi, a gaban jif ɗin ofis, kusa da direbansa. Doguwar mota ce, sai an taka wani ƙarfe an kama wani ƙarfe sannan a hau, kamar mai shirin ɗaura labule.

Da hannunsa ya gaji da rubuta jimla ɗaya, sai ya sa aka sassaƙa masa hatimi. Kalma uku ce a jiki: LAIFIN DIREBA NE. Masu ƙarin gishiri sun ce har takardar neman hutun masinjansa ya taɓa buga wa, masinjan ya koma gida yana tunanin wane direba ne ya hana shi hutu.

To, a garin akwai wani tsohon direban tasi da ake kira Sannu-Sannu. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da sitiyari bai taɓa goge ko keken wani ba. Sunan ba a banza ya same shi ba. An ce wata rana wata tsohuwa mai dogara sanda ta wuce motarsa a kan hanya, ta waiwayo ta ce, "Bawan Allah, ko a kira a tura maka ne?"

Shi ne ƙaddara ta faɗa wa a mararrabar. Ya fito daga ƙaramar hanya, wata motar ruwa ta kwashe masa fitilar hagu, fasinjar da ke baya ta karye a hannu. Tunda an ji rauni, maganar ta wuce ta gyaran fitila. Aka karɓe lasisinsa, aka ce kwamiti zai zauna ranar Alhamis da ƙarfe huɗu. Idan rahoton Injiniya ya ce laifinsa ne, a shekarunsa ba za a sake ba shi lasisi ba har abada.

Tasin nan ita ce gonarsa, ita ce rumfarsa, ita ce wurin hirarsa. Bai iya komai ba sai ita. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne a rubuta a takarda cewa shi, Sannu-Sannu, mai ganganci ne.

Ranar Talata ya tako bene bakwai da ƙafa, yana hutawa a kowane hawa. Ya sami Injiniya ya sauko daga shawagi ke nan, yana mutsuttsuka ido.

"Ranka ya daɗe, barka da hutawa. Ni ne mai tasin nan na ranar Asabar."

"Na gane, Baba. Ga fayil ɗinka nan. In afuwa ka zo nema, ba ni ke yin ta ba."

"A'a, ranka ya daɗe. Wanda ya yi laifi shi ke neman afuwa. Alfarma ɗaya na zo roƙo. Motata tana garejin Bakanike, nan gefen mararrabar. Zan sa a turo ta bakin farin layi. Ka zo ka zauna a kujerata, minti biyu kawai, ka dubi hagu."

Injiniya ya yi dariyar da manya ke yi idan ƙarami ya ba su shawara. Ya miƙe, ya yafito tsohon zuwa taga.

"Zo nan, Baba. Leƙa. Me ka gani?"

Sannu-Sannu ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Rana tana kan furannin, motoci suna zagawa ƙanana-ƙanana, babu ko ƙara.

"Na ga kyau, ranka ya daɗe. Wallahi da daga nan nake tuƙi, da har yau ban bugi kowa ba."

Injiniya bai ji daɗin yabon ba, ko da yake ya kasa gane inda ya cije shi.

"Shekarunka nawa, Baba?"

"Sittin da bakwai."

"To ka gani. Ido ne. Ido yana tsufa, katangata ba ta tsufa."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Sai dai furannin suna girma."

Injiniya ya koma kujera, ya jawo fayil, ya hura wa hatimi iska, ya buga tim a gaban tsohon. Sannu-Sannu ya dubi kalmomin uku. Bai ɗaga murya ba. Ya gyara hularsa, ya ce, "Allah ya ƙara ɗaukaka," ya kama hanyar saukowa, hawa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Alhamis Injiniya ya je gida cin abincin rana, fayil a jakarsa, hatimi a aljihu. Direbansa ya ce bari ya je a duba tayar jif ya dawo. Ƙarfe uku ya buga, babu direba. Uku da kwata ya kira a waya: an cire tayar, an kuma gano wata matsalar a ƙarƙashinta, sai gobe.

Injiniya ya leƙa tsakar gida. Babu abin hawa sai 'yar jar motar matarsa, wadda yake kira akwatin ashana.

"Maman Auta, ba ni makullin akwatin ashanarki."

Ta fito daga kicin tana goge hannu. "Yau kuma? Ashe akwatin yana da rana. Rabonka da tuƙi fa ya fi shekara goma, Baban Auta."

"Wanda ya zana hanya ne za a koya wa bin ta?"

Ta miƙa masa makullin. "To, ka bi ta bayan kasuwa. Akwai nisa, amma za ka isa da fitilunka biyu."

"Bayan kasuwa? Ga mararraba nan kusa?"

"Ni shekarata tara ban bi ta mararrabarka ba."

Injiniya ya tsaya da makulli a hannu, kamar an ce masa ba ta taɓa son sunansa ba. "Shekara tara? Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Na faɗa sau uku. Na farko ka ce mata ba su iya tuƙi ba. Na biyu ka nuna mini hoton falo. Na uku ka yi barci."

Ya naɗe kansa cikin motar, gwiwa tana gaisawa da sitiyari, ya fita yana ayyana a ransa cewa ta mararraba zai bi, ko don ya dawo ya ba ta labari.

Tun daga bakin ƙofa ya ji kamar an sauke shi a wani gari. Hanyar dai ita ce, amma komai ya yi tsawo. Tayoyin manyan motoci suna wucewa daidai kunnensa. Wani kare da ke zaune a bakin shago ya dube shi ido cikin ido, ba tare da ya ɗaga kai ba. Ya ga ƙafafun mutane, takalma masu ƙura da masu sheƙi, ya ga ramukan da shekara da shekaru jif ke haɗiyewa ba tare da ta sanar da shi ba. Iska mai ɗumi tana shigowa ta taga. Sai ya ji kamar mafarkinsa ne aka kifar, aka sa shi a ƙarƙashi.

Ya iso mararraba. Ya taka birki daidai kan farin layin da shi da kansa ya ja a takarda. Ya gyara zama, ya dubi hagu.

Katanga.

Ya ƙifta ido, ya sake dubawa. Katanga ce dai, fara sol, da furanni a kanta sun yi cunkus. Ƙudan zuma biyu suna shiga suna fita. Furannin nan da ke gaishe shi kullum da rana, yau sun zuba masa ido kamar ba su taɓa ganinsa ba. Babu titi. Babu gidan mai. Sai ƙarar motoci da yake ji suna wucewa a bayan katangar, fuu, fuu, kamar ana hira a ɗakin da aka kulle.

Ya miƙa wuya har kansa ya taɓa rufin mota. Furanni.

Na baya suka fara danna hon. Wani ya leƙo da kai ya ce, "Alhaji, in ka sayi wurin ne ka faɗa mana mu nemi wata hanya!"

Injiniya ya saki birki kaɗan. Motar ta matsa taƙi ɗaya. Furanni. Ta ƙara taƙi ɗaya. Furanni. Sai da hancin motar ya shiga titi sosai sannan gefen katangar ya ƙare, kuma abin da ya fara gani a babban titinsa shi ne gaban wata motar burodi, ta cika masa taga.

Ƙauu.

Abin mamaki, bai ji tsoro nan take ba. Ƙofar bayan motar burodin ta ɓalle, sai ya ga burodi yana tashi sama, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana juyawa cikin hasken la'asar. Ya bi su da kallo baki buɗe. Yau ga shawagi a saman mararraba, amma burodi ne ke yi, shi kuwa yana ƙasa. Guda ɗaya ya sauko ya zauna a kan gilashin gabansa, ya tsaya yana kallonsa.

Allah ya taƙaita, babu wanda ya ji rauni. Direban burodin, wani magidanci siriri, ya fito ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Wayyo, motar maigidana! Wayyo, aikina!"

Kafin gilashi ya gama zuba, ga Bakanike ya tsallako daga garejinsa, sabuwar fitila a hammata.

"Ta hagu ce ko?" in ji shi. "Ba sai na duba ba. Sannu, Alhaji."

Wani ya buɗe wa Injiniya ƙofa, ya kama hannunsa ya fito da shi. Da ya ɗaga kai sai ya ga Sannu-Sannu ne, sanye da rigarsa mafi kyau. Ashe a bencin gareji yake zaune kusa da tasinsa, yana jiran lokaci ya yi ya taka zuwa wurin kwamiti a yanke masa hukunci.

Injiniya ya jira maganar da ya san ta dace da shi. Ba ta zo ba.

"Sannu, ranka ya daɗe. Jikin dai lafiya? Taho ka zauna. Ƙafa takan yi rawa kamar minti goma, daga nan sai ta daina. Na sani." Ya zaunar da shi a benci, ya miƙa masa ruwa a kofi, har da riƙe masa gindin kofin.

Sai ga Saje, ɗan sandan da ke kula da wurin, ya iso da tulin takardu. Bai ko dubi motocin ba.

"Wa ya fito daga ƙaramar hanya? Kai ne, Alhaji? To magana ta ƙare. Ga rahoto nan a shirye. Babban Injiniya da kansa ya riga ya yanke cewa a mararrabar nan laifin direba ne. Mun buga kwafi da yawa don kada mu riƙa damunsa, mutum ne mai yawan aiki. Suna kawai ake cikewa. Kawo lasisi."

Injiniya ya karɓi takardar. Ga hatiminsa nan, ga sa hannunsa, ya ɗan dushe saboda yawan kwafi. Ya miƙa lasisi. Saje ya karanta sunan, ya dubi fuskar, ya sake karanta sunan. Sai ya ƙame, ya sara.

"Ranka ya daɗe! Ai ban gane ka ba, ban saba ganinka a ƙasa ba." Ya matso, ya rage murya. "Kuskure na yi. Yanzu da na duba da kyau, na ga mai burodin nan gudu yake yi. Dubi yadda burodi ya watse. Sunansa za mu sa. Kai ka wuce wurin taronka."

Ga ƙofa an buɗe masa, faɗinta ya isa jif ta wuce. Sunansa zai fita fes. Hoton falo zai zauna a inda yake. Mai burodi zai rasa aiki, tsoho zai rasa lasisi, kuma gobe bayan abincin rana shaho zai tashi kamar kullum.

"Ba ni minti ɗaya," in ji Injiniya.

Ya miƙe don ya kauce wa idon jama'a, ya tura wata ƙofa a bayan gareji ya shiga. Ɗakin ajiya ne mai rufin kwano. Rana tana zubowa ta ƙananan huji, kuma duk inda ta sauka sai wani abu ya ƙyalla. Da idonsa ya saba da duhun, sai ya ga fitilun mota ne. A kan kanta, a ƙasa, a cikin kwali, har rufi. Manya da ƙanana, masu zagaye da masu kusurwa, dukansu sababbi, dukansu suna kallonsa.

Bakanike ya shigo bayansa yana goge hannu da tsumma.

"Ka shigo ɗakin 'yan dama, ranka ya daɗe."

"'Yan dama?"

"Fitilar mota ai bibbiyu ake sayar mana, hagu da dama a kwali ɗaya. To a mararrabar nan ta hagu kaɗai ake fasawa. In ɗaura ta hagu, in kawo 'yar uwarta nan in ajiye. Shekara goma sha biyu, ko sau ɗaya ba a zo neman ta dama ba."

"Guda nawa ne?"

"Na daina ƙirgawa a ɗari biyar. Ni dai ban yi boko ba, amma abin yana ba ni mamaki. Mutum ɗari biyar, da tsoho da yaro, da mace da namiji, da likita da mai kifi, ba su san juna ba, amma duk suka haɗa baki suka makance a ido ɗaya."

"Me ya sa ba ka taɓa sanar da ofis ba?"

"Na rubuto maka sau biyu, ranka ya daɗe. Takardar ta dawo da hatimi. Wai laifin direba ne."

Injiniya ya ji nauyin abin da ke aljihunsa. Ya ɗaga kai, sai ya hango wasu fitilu a kanta ta can sama, su kaɗai, an jera su an share musu ƙura. Guda bakwai. Su ba sababbi ba ne.

"Waɗancan fa?"

Bakanike ya daina goge hannu. "Waɗancan ba daga kwali suka fito ba. Daga jikin motocin na ciro su. Ta dama kaɗai takan rage lafiya. Masu motocin ba su tashi ba, ranka ya daɗe. Na rasa yadda zan yi in sayar, na rasa yadda zan yi in zubar."

Nan take Injiniya ya tuna wata safiya, shekara goma sha biyu da suka wuce, ranar da ya zo duba katangar kafin a buɗe hanya. An yi yayyafi, ƙasa da laka, shi kuma da sabon takalmi. Bai sauko daga jif ba. Ya dubi hagu, ya tambayi direbansa, "Kana ganin titi?" Direban ya ce, "Tar, ranka ya daɗe." Shi kuma ya rubuta a fayil: an duba, ana gani.

Ya ari tef ɗin awo a wurin Bakanike, ya fita. Jama'a suna kallo ya durƙusa da babbar rigarsa a gefen jar motar, ya auna daga kwalta zuwa inda idon direba yake. Ya je ya auna katanga da furanninta. Ta ɗara idon da taƙi biyu. Ya sake aunawa, ko tef ɗin zai ji kunyarsa. Tef bai ji ba.

"Saje," in ji shi, "kada ka rubuta sunan mai burodi. Bawan Allah a kan hanyarsa yake."

"To naka zan sa, ranka ya daɗe?"

"Nawa za ka sa. Ka kuma ƙara a ƙasa cewa shi ne ya zana katangar."

Daga nan ya kira shugaban kwamiti a waya, ya ce yau zaman ba a ofis za a yi ba, a bakin farin layi za a yi.

Suka zo su biyar, kowa a doguwar motarsa. Aka tura jar motar aka mayar da ita kan layi, Injiniya ya riƙe ƙofa, ya ce kowa sai ya shiga ya dubi hagu. Shugaban kwamiti mutum ne mai jiki, sai da aka ja kujera har ƙarshe. Ya shiga da ƙyar, ya duba, ya sake dubawa.

"Injiniya, ina titin?"

"Yana nan, ranka ya daɗe. Bayan lambar yabona."

Shugaban ya fito da taimakon mutum biyu, ya ja Injiniya gefe. "Ka san abin da kake jawo wa kanka? Za a buɗe tsofaffin fayiloli. Ofishinka, sunanka, duk za su taɓu. Ana iya rage katangar a hankali, ba tare da an ce komai ba."

Injiniya ya dubi Sannu-Sannu, wanda ke tsaye can gefe yana taya mai burodi tsince kayansa.

"In an yi shiru, tsohon can zai mutu da sunan mai ganganci. Shi da mutum ɗari biyar. Bakwai daga cikinsu ma ba za su ji an wanke su ba, sai dai iyalansu su ji."

Ya ciro fayil ɗin, ya yage shafin da ya buga wa hatimi, ya rubuta sabo da hannunsa a kan bonet ɗin motar matarsa. An ce rabonsa da rubuta jimla mai tsawon haka, shekara goma.

Abin da shugaban ya faɗa kuwa bai faɗi ƙasa ba. Aka buɗe fayilolin. Injiniya ya mayar da lambar yabo da kansa. Aka sauko da shi daga hawa na bakwai zuwa wani ɗaki a ƙasa, mai taga da ke kallon tayoyin motoci. Gidajen mamatan nan bakwai ya bi ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka karɓe shi, wasu suka bar shi a tsaye a ƙofa, bai kuma ce sun yi laifi ba. A falo, hoton iyali ya dawo mazauninsa. Hatimin kuwa Maman Auta ta sami ƙafar teburin kicin da ke girgiɗi, ta tokare da shi, ta ce yau dai ya yi aikin gaskiya.

Ranar da aka zo rage katangar, shi ya karɓi guduma ya yi bugun farko. Layin bulo uku aka cire, aka kwashe furannin aka dasa a inda ba su tare wa kowa komai. Bakanike ya tsaya yana kallo, ya ce, "An kashe mini kasuwar hagu. Yanzu sai ku zana wata mararrabar da katanga a dama, in samu in rage kaya."

Da aka gama, Sannu-Sannu ya matso da tasinsa, lasisi a aljihun gaba, sabuwar fitila tana sheƙi.

"Ranka ya daɗe, shigo in kai ka ofis. Alfarmar nan da na roƙa har yanzu ba ka yi mini ba. Ba ka zauna a motata ba."

Injiniya ya shiga gaba. Suka zagaya ta cikin unguwa, a irin tafiyar da har kaji ba sa matsawa. Iska tana shigowa, injin yana gurnani a hankali, sai barci ya ɗan ɗauke shi. Ya jira fiffike ya fito. Bai fito ba. A mafarkin yana tsaye ne a ƙasa, da tsohon takalmi, wasu fitilu bakwai suna wucewa ta gabansa a jere, kowace ta ɗan rage haske idan ta zo daidai shi, sannan ta wuce.

Tsayawar motar ce ta tashe shi. Sun iso farin layi.

"Ranka ya daɗe, dubi hagu. Me ka gani?"

"Na ga titi, Baba. Har gidan mai."

Babu mota ko ɗaya da ke tahowa, amma Sannu-Sannu bai motsa ba. Ya ɗora haɓa a kan sitiyari yana kallo. Na baya suka fara danna hon.

"Baba, hanya a buɗe take."

"Na gani, ranka ya daɗe. Shekara goma sha biyu da kunne nake tsallaka titin nan. Su yi haƙuri, bari in ƙare masa kallo."

Darasi: Kafin ka ɗora wa mutum laifi, sauko ka zauna a kujerar da yake zaune, ka duba daga inda yake dubawa. Idan mutane da yawa suna faɗuwa a wuri ɗaya, a binciki wurin kafin a zagi masu faɗuwa. Kuma girma ba ya raguwa don mutum ya ce "ni ne na yi kuskure." Ku tura wannan labarin ga direbobinku da masu zana muku hanya, musamman wanda kuka san ya daɗe bai sauko daga doguwar mota ba.